Waya a bakin akushi: Yadda kallo ke shiga tsakanin yaro da abincinsa a Kudancin Kano

Duk matafiyin da almuru ya riske shi a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, zai ga abin da ya zama ruwan dare a 'yan shekarun nan. A bakin shagon caji ko a gefen teburin mai shayi, yara huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, babu mai ko ƙifta ido. A cikin gidaje ma haka zancen yake. Uwa ta jingina waya a jikin kwano, ta kunna wa ɗan yaye katun, tana ba shi kunu yana buɗe baki ba tare da ya dubi ludayin ba.

Iyaye da dama na ɗaukar wannan a matsayin dabara, kuma suna da hujja. Yaron da ke ƙin abinci ya karɓa, mai ƙiriniya ya zauna wuri guda, uwa ta samu sararin ƙarasa aikinta. Sai dai abin da masana kiwon lafiyar yara suka tattara cikin shekaru kusan talatin ya nuna cewa dabarar tana da farashi. Kallo a lokacin cin abinci yana ɗauke hankalin yaro daga cikinsa, yana kuma ɗauke idon mai ciyar da shi daga kansa. A ƙasashen da abinci ya wadata, sakamakon hakan ƙiba ce. A yanki irin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, inda yara da yawa ke kan gaɓar tamowa tun farko, lamarin na iya karkata ta ɗaya ɓangaren.

Rumbun hatsi, yara a tsumbure

Kudancin Kano ba ƙasar fari ba ce. Ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, masara da shinkafar Tudun Wada da Doguwa sun yi suna a kasuwannin ƙasar nan, kuma Dam ɗin Tiga da ke Bebeji, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi ne uwar noman rani a wannan sashe. Daga kasuwannin yankin manyan motoci ke lodin hatsi zuwa Dawanau da Kudancin Najeriya.

Amma alƙaluman lafiyar yara na jihar ba su yi kama da na masu rumbu ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 40 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 51.9, wanda Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ja hankali a kansa a 2025. An samu sauƙi idan aka kwatanta da kusan kashi 57 na binciken 2018, amma har yanzu yaro ɗaya ne cikin kowane biyu. A maƙwabciya Katsina, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta cikin watanni shida na farkon 2025.

Tushen wannan matsala sananne ne: talauci, tsadar abinci da ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, gudawa da zazzaɓin cizon sauro, rashin tsabtataccen ruwa, da abincin da tuwo ya mamaye, ba ƙwai, ba wake, ba kifi. Waya ba ta cikin manyan dalilan, kuma duk wanda ya ɗora mata laifin tsumburewa ya yi son kai. Muhimmancinta a nan shi ne, ta shigo gidan da dama ba shi da rarar da zai yi asara. Yaron da ke samun abin da bai kai buƙatarsa ba, 'yan lomomin da kallo zai rage masa ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ta iso tsakar gida

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001, amma wayar kallo ta shiga ƙauyuka ne ta hanyoyi uku. Na farko, wayoyi masu araha da na hannu, waɗanda akasari ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ke birni kan aika wa mahaifiya ko ƙanwa idan ya sauya tasa. Na biyu, hasken sola da shagunan caji, da suka raba kallo da jiran wutar lantarki. Na uku, masu tura fina-finai a memori, waɗanda da kuɗi kaɗan suke cika waya da shirye-shirye masu dogon zango, fassarar Indiya da katun. Shi ya sa ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025 bai isa ya raba yaro da kallo ba, domin abin da ke cikin memori ba ya cin data.

Akwai kuma sauyin da ya samu raino. A da, ɗan yaye na hannun kaka, ko yayarsa, ko 'yar raino. Yau yayar na makaranta ko wajen talla, uwar kuma na fama da turarar shinkafa, suyar awara ko matsar ƙuli-ƙuli, musamman da kaka lokacin da aiki ya fi hannu yawa. Waya ta zo ta tarar da gurbi ta zauna. Ita ce 'yar rainon da ba ta gajiya, ba ta neman lada. Aibinta ɗaya ne: ba ta san ko yaro ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba.

Abin da bincike ya gano

Yaro lafiyayye yana da ma'auni a jikinsa. Wani nazari da masaniyar abincin yara Leann Birch ta jagoranta a Amurka a 1991 ya nuna cewa abin da ƙananan yara ke ci daga kwano zuwa kwano yana hawa da sauka sosai, amma jimillar ta yini guda kusan daidai take kullum. Wanda ya ɗan taɓa da safe yakan rama da rana. Wannan ma'auni yana aiki ne da saƙon da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa, da kuma abin da ido da hanci da harshe suka shaida. Idan hankali ya tafi wani wuri, saƙon ba ya isa yadda ya kamata. Hausawa sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

A 2013, masu bincike a Ingila sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 24 da aka yi a kan manya, suka gano cewa mai cin abinci hankalinsa a rabe yakan ci fiye da ƙima a zaman, kuma abin da ya fi haka, yakan ƙara ci da yawa daga baya, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe cewa an ci ba.

Ga ƙananan yara kuwa, lamarin fuska biyu gare shi. A 2006, Lori Francis da Leann Birch sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 5, wata rana da talabijin a kunne, wata rana a kashe. Gaba ɗaya, yaran sun ci ƙasa da yadda suka saba a ranar kallo, saboda sun shagala sun bar kwanon. Amma waɗanda suka saba cin abinci a gaban talabijin a gidajensu sun fi sauran ci a ranar. Wato da farko kallo yana hana ci, idan kuma ya zama jiki sai ya koma sa ci babu lissafi. A duka biyun, ba yunwa ko ƙoshi ke tafiyar da hannun yaron ba.

Irin waɗannan hujjoji da wasunsu ne suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ƙa'ida a Afrilun 2019: kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in an rage ma ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun a 2016 ta ba da shawarar a ware lokacin cin abinci ya zama babu kallo.

Kwano ɗaya, hannu da yawa

Gwaje-gwajen nan an yi su ne a inda kowane yaro ke da farantinsa, idan ya shagala abincin na jiransa. A yawancin gidajen karkarar ƙasar Hausa, yara sa'o'i ko masu bin juna kwano ɗaya ake zuba musu. Tsarin yana koyar da zumunci da ladabi, amma ba ya jiran kowa. Ɗan shekara uku da idonsa ke kan waya, kafin ya waiwayo yayyensa sun kai gindin kwano, ɗan naman ko waken da ke sama kuwa shi ne farkon tafiya. Uwa za ta ga kwano a suɗe ta ɗauka kowa ya ƙoshi.

Wannan ne ya sa jami'an abinci mai gina jiki ke shawartar a ware wa ƙaramin yaro kwanonsa, domin a san iya abin da ya shiga cikinsa. Cikin ɗan wata 6 zuwa 8 bai fi ya ɗauki kimanin kofi ɗaya a zama guda ba, shi ya sa ƙa'idar WHO ta ce a ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a yini bayan nono, daga wata 9 zuwa 23 kuma sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Mai ciki ƙarami haka, zama ɗaya da ya kuɓuce masa babban giɓi ne. Kuma wannan shi ne zangon kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, wanda tsumburewar da ta auku a cikinsa ke da wuyar gyaruwa.

Idon uwa ma ma'auni ne

Ɗaya ɓangaren shi ne yaron da ake ɗura wa abinci yana kallo. A zahiri ya ci, kwano ya ƙare. Amma bai ga kalar abincin ba, bai sa hannu ya ji laushinsa ba, bai koyi kai loma baki da kansa ba. Yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya saba da shi, kuma sabon yana zuwa ne ta gani da taɓawa da ɗanɗano, da kallon manya suna ci. Wanda aka yaudara da katun ya haɗiye faten zogale bai koyi son zogale ba. Ranar da caji ya ƙare, sai ya rufe baki.

Ƙa'idar ciyar da yara da WHO ta sabunta a 2023 ta jaddada ciyarwa cikin lura: a fuskanci yaro, a yi masa magana, a gane alamar yunwa da ta ƙoshi, a lallashe shi ba tare da tilas ba. Wannan ba sabon ilimi ba ne ga kakannin Kiru ko Doguwa, waɗanda ke zaunar da jika a cinya suna yi masa wasa har ya shanye kunu. A hadisin Umar ɗan Abu Salama ma, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lura da yadda hannun yaron ke yawo a cikin akushi ne kafin ya koya masa ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa. Gyaran ya samu ne domin babba yana zaune, idonsa na kan yaro.

Akwai wani dalili da ya shafi rai kai tsaye. Raguwar sha'awar abinci na daga cikin alamomin farko na zazzaɓi, cutar huhu da tamowa. A cibiyoyin kula da tamowa, gwajin cin abinci ne ke raba yaron da za a ba abincin gyaɗa na musamman ya koma gida da wanda za a kwantar. Uwar da ke kallon fuskar ɗanta a kowane zama ita ce ke fara gane cewa yau ba kamar jiya ba. Idan ita da shi duk idonsu na kan fim, alamar na iya wucewa kwana biyu ko uku ba a ankara ba, a yankin da zuwa babban asibiti daga wasu ƙauyukan bayan Dajin Falgore tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci.

Talla, kayan ƙwalama da barci

Abin da ake kallo ma yana da nasa tasirin. A 2009, masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna wa yara 'yan shekara 7 zuwa 11 katun, wasu da tallar abinci a ciki, wasu da tallar wasu kaya. Waɗanda suka ga tallar abinci sun ci kayan ƙwalamar da aka ajiye musu fiye da sauran da kashi 45 cikin 100. A garin da ke bakin titi irin Kwanar Dangora, tsakanin tallar da kayan taku kaɗan ne. Biskit, alawa, cincin da lemon roba suna kan kowane tebur, an ƙulla su a ƙananan ledoji daidai kuɗin yaro. Suna toshe ciki kafin a sauke tukunya, ba tare da sun ba jiki abin gina shi ba, kuma kuɗin da suka ci zai iya sayen ƙwai, gyaɗa ko awara.

Sai batun dare. Ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini. Hasken waya da ɗaukar hankalin shiri mai dogon zango suna jinkirta barci, ƙarancin barci kuma yana rikita sinadaran jiki masu sanar da yunwa da ƙoshi, ya ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Yaron da ya raba dare yana kallo yakan tashi a makare, ya fita makaranta bai karya ba, a cusa masa kuɗin tara a hannu, su ƙare a teburin mai alawa.

Gidajen birni ba su tsira ba

Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo na iya ganin wannan matsalar ƙauye ce. A gidajensu ne ma kallon ya fi yawa, ga talabijin a falo, ga wayar uwa, ga ta uba, wani yaron har da tasa. Bambancin shi ne a nan abincin yana jira, kuma akwai lemo a firji. Saboda haka fuskar da ta fi bayyana ita ce ta ci babu lissafi, da tsirfar ƙin tuwo da miyar ganye sai taliya da soyayyen abu. Wani gwaji na shekara 2 da aka wallafa a Amurka a 2008, kan yara 'yan shekara 4 zuwa 7 masu jiki, ya nuna rage kallo da rabi ya rage musu ƙiba, kuma ragin ya zo ne ta hanyar raguwar abin da suke ci, ba ta ƙaruwar guje-guje ba.

Ke nan jiha ɗaya na iya ɗauke da nauyi biyu a lokaci guda, yaro a tsumbure a Doguwa, ɗan baffansa da teɓa a Nasarawa, kuma wayar da ke gaban na farkon wataƙila tsohuwar wayar mahaifin na biyun ce.

Inda gyara yake

Wasu ƙasashe sun bi ta doka. Chile ta taƙaita tallar abinci mai yawan sukari da gishiri da maiƙo ga yara tun 2016, WHO kuma ta fitar da ƙa'idar kare yara daga irin wannan talla a 2023. A Najeriya Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo harajin Naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, akwai hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON da aka kafa a 2022, ga kuma NAFDAC. Abin da ya rage musu shi ne sa ido kan tallar da ke bin yara ta YouTube da TikTok, ba ta talabijin kaɗai ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 ta fi mayar da hankali kan tarbiyya, tana da damar jan masu shirya fina-finai su saka wannan saƙo a cikin shirye-shiryen da iyaye mata ke bi.

Amma doka ba ta shiga tsakar gida. Hanya mafi kusa ita ce asibitocin matakin farko na ƙananan hukumomin huɗu, inda mata ke taruwa ranar awo da ranar rigakafi. A jawabin da ake yi musu kan shayar da nono zalla na wata 6 da haɗa kunu mai gina jiki, ƙara magana ɗaya kan ajiye waya lokacin ciyarwa ba ya buƙatar sabon kasafi. Haka malaman Islamiyya, limamai da gidajen rediyo.

A cikin gida kuwa, matakan ba su da tsada, sai dai suna son haƙuri. Waya ta bar wurin cin abinci, har da ta manya, domin yaro ba zai yarda da dokar da uba ke karyawa a gabansa ba. Ƙaramin yaro a ba shi kwanonsa, babba ya zauna da shi. Kayan zaƙi kada su riga abinci shiga ciki. A kashe kallo kamar awa guda kafin kwanciya. Wanda ya riga ya saba, a janye masa a hankali, a kuma sa ran kwanakin farko zai yi rigima ya rage ci. Yaro mai lafiya yunwa za ta dawo da shi kan kwano. Wanda kuwa ƙin cin nasa ya zo da rama, gudawa, zazzaɓi ko kumburin ƙafa, ba katun yake buƙata ba, asibiti za a kai shi a auna damtsensa. Idan awon ya gaza santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani.

Ba za a ce wa uwar da ke aiki tun asuba ta jefar da abin da ke sama mata sararin numfashi ba, ba tare da an sama mata mai kama mata ba. Nan ne nauyin ya koma kan maigida, da kaka, da yayye. Minti ashirin ne, sau uku ko huɗu a yini, ake neman wani babba ya zauna da yaro. Yankin da ke loda wa ƙasa masara da shinkafa daga Kwanar Dangora ya san darajar awo, ba ya sayar da buhu sai ya ƙirga kwanukan da ke ciki. Irin wannan lissafin ne ya kamata ya bi abin da ke shiga cikin 'ya'yansa.